Akwatin kayan aiki na alminiyam ya tsage a bayan mota: walda ko faci?

"Assalamu alaikum Malam. Sana'ata gyaran rijiyoyin burtsatse, kullum ina kan hanyar ƙauyuka da Hilux. Akwai akwatin kayan aiki na alminiyam a bayan motar, irin mai zane a jiki, wanda ke zaune a kan gefunan bodi biyu. Ya tsage a ƙasa kusa da inda aka ɗaure shi da noti, tsagar ta kai tsawon yatsa kuma ƙaruwa take yi. Na kai wa wani mai walda a bakin titi, yana ɗora wuta sai wurin ya ɓurme ya zama rami, ya ce wai alminiyam ba ya walduwa. Ƙanena yana da injin walda na ƙarfe. Akwai sandar da zai saya ya yi mini, ko in haƙura in sayi sabo?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa nema albarka. In na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko alminiyam yana walduwa, ko injin ƙanenka zai iya aikin, da kuma ko gyaran ya kai a kashe masa kuɗi. Alminiyam yana walduwa sarai, na shafe shekaru ina cin abinci da shi. Injin ƙanenka kuwa da ƙyar, kuma ba zan so ku gwada shi a kan akwati mai siririn jiki ba. Batun kuɗi ya rataya ne a kan wata tambaya da ba ka yi ba, wadda a wurina ta fi sauran nauyi: me ya tsaga akwatin tun farko? In aka liƙe tsagar aka bar abin da ya jawo ta, kafin damina ta fita za ka ga wata ta fito a gefen waldar.

Me ya sa ya ɓurme a hannun mai walda

Kada ka ga laifinsa da yawa, hannunsa da baƙin ƙarfe ya saba, alminiyam kuwa halinsa daban. Shi kansa yana narkewa ne a zafin digiri 660, amma da zarar iska ta taɓa shi sai wata siririyar fata ta rufe shi, ita kuma ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000. Ka tuna yanar da ke kwanciya a kan koko idan ya fara hucewa: sama a daskare, ƙasa ruwa. Haka abin yake. Mai walda yana kallon sama yana ganin bai narke ba, yana ƙara wuta, alhali ciki ya riga ya zama ruwa, fatar ce kawai ke riƙe da shi. Tana yagewa sai komai ya zube ƙasa, a bar ka da rami.

Kuma ba ya yin gargaɗi. Baƙin ƙarfe yakan yi ja, ya koma ruwan lemo, ka san inda ka kai. Alminiyam launinsa ɗaya daga sanyi har narkewa. Ga shi yana kwashe zafi ya watsa cikin jikinsa ninki uku zuwa huɗu na yadda ƙarfe ke yi, don haka da farko sai ka ga kamar wutar ba ta cin sa, can kuma da jikin ya ɗauki zafi gaba ɗaya, wutar da ta yi kaɗan ɗazu ta koma ta yi yawa. Yana kuma buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, shi ya sa yake lanƙwashewa, murfi ya ƙi rufuwa bayan an gama. Na ƙarshe, narkakken alminiyam yana shan iskar haidirojin daga mai, giris, fenti ko danshi, in ya zo daskarewa ya amayar da ita, waldar ta cika da ƙananan ramuka kamar burodi. Akwatin da ya yi shekaru yana shan baƙin mai da giris, rabin aikinsa wanki ne.

Abin da ya tsaga shi

A nan nake so ka tsaya da kyau. Ka ɗauki waya ka riƙa lanƙwasa ta gaba da baya, ba ƙarfinka ne zai karya ta ba, maimaicin ne. Wannan shi ake kira gajiyar ƙarfe. Baƙin ƙarfe yana da wani mataki wanda in motsin bai kai shi ba, zai jure kusan har abada. Alminiyam ba shi da wannan matakin, kowace girgiza tana cin wani abu daga ransa, komai ƙanƙantarta.

To dubi rayuwar akwatinka. Yana zaune ƙafa ɗaya a gefen dama, ɗaya a hagu. Duk lokacin da taya ɗaya ta faɗa rami a hanyar burji, bodin motar yana ɗan murɗewa, gefe ɗaya ya yi sama ɗaya ya yi ƙasa. Idan an ɗaure akwatin tamau da noti huɗu, ƙarfe a kan ƙarfe ba roba a tsakani, dole shi ma ya murɗe, kuma duk wahalar tana taruwa ne a bakin ramin noti da kusurwoyi. Ka haɗa da abin da ke ciki. Na san kayan masu burtsatse: manyan sifanu, jak, sarƙa, wani lokaci har sumo guda a kwance. Duk gargada sai sun yi tsalle sun dawo a kan ƙasan da kaurinsa bai wuce milimita 2 ba.

Ka kwance notin ka duba ƙarƙashin wosha. In ka ga wani farin gari kamar toka, wannan ci ne da ke faruwa idan alminiyam ya zauna a jikin baƙin ƙarfe da danshi a tsakaninsu, kuma alminiyam ɗin ne ke cinyewa. Wurin ya riga ya sirance kafin ya tsage.

Akwai wani akwati da ba na mantawa. Na yi masa walda mai kyau, mai shi ya tafi yana murna, bayan 'yan makonni ya dawo. Waldar tana nan lafiya lau, amma ga sabuwar tsaga ta bi gefenta tiryan-tiryan, tazarar da ba ta kai faɗin farce ba. Na sake yi, ya sake dawowa. A karo na uku na ce ya kawo motar, ba akwatin kaɗai ba. Na sa ya hau da taya ɗaya kan dutse ina tsugune ina kallo, da idona na ga bakin tsagar yana buɗewa. Ranar muka sa faranti a ciki, muka shimfiɗa roba a ƙasa, muka sassauta ɗaurin, bai ƙara dawowa da wannan matsalar ba. Tun daga nan ba na karɓar irin wannan aiki sai na ga yadda aka ɗaura shi.

Dalilin da ya sa tsagar ke bin gefen walda shi ne, falankin alminiyam da ake ƙera waɗannan akwatuna da shi yana samun taurinsa ne daga matsar da aka yi masa a masana'anta. Zafin walda yana warware wannan tauri a kewayen wurin, ya mayar da shi laushi. Wato ko gwanin gwanaye ne ya yi maka, gefen waldar ya fi sauran jikin rauni. Shi ya sa walda kaɗai ba ta isa a wurin da ke ɗaukar nauyi.

Wane alminiyam, wace waya

Da farko a tabbatar alminiyam ne: maganaɗisu ba ya kama shi, kuma ba shi da nauyi. Falanki mai zane mai ƙyalli da ake yin akwatunan mota galibi lamba 3003 ne, masu ɗan inganci kuma 5052, kauri daga milimita 1.6 zuwa 3. Duka biyun suna karɓar walda ba gardama. Wayar ciko iri biyu ce za ka fi samu a kasuwa. Akwai 4043 mai silikon kashi 5 cikin 100, tana narkewa da sauƙi, tana malala, ba ta cika tsagewa ba. Akwai 5356 mai maganiziyam kashi 5 cikin 100, ta fi ƙarfi kuma ta fi jure lanƙwasa. Ga akwati mai ƙyalli da ba a rubuta lambarsa ba, 4043 nake ɗauka. In na tabbatar 5052 ne, sai 5356. Abin da ba na yarda da shi shi ne a yanko guntun tsohuwar tukunya ko wayar lantarki a ce za a cike da ita, ko a narka baki da baki ba ciko. Irin wannan yana iya tsagewa ta tsakiya tun kafin ya huce.

Injin da ya dace

Wanda ya fi dacewa shi ne TIG mai wutar AC, wanda masu sana'a ke kira waldar argon, saboda iskar argon da injin ke hurawa ta rufe wurin walda, ta kare shi daga iskar waje. An ƙirƙiro hanyar ne a Amurka a farkon shekarun 1940 domin haɗa sassan jiragen sama. Wutar AC tana kai da komo: rabi ɗaya yana fasa fatar nan da na faɗa maka, ɗaya rabin yana narka ƙarfen. Wannan ne sirrin gaba ɗaya. Ka lura, ƙananan injinan TIG masu araha da yawa DC kawai suke bayarwa, wato wutar da ba ta kai da komo, suna yin sitenles da ƙarfe amma ba sa fasa fatar alminiyam. Don haka in ka je wurin mai argon, tambayarka ta farko ita ce ko injinsa yana da AC. Ta biyu, ko tukunyarsa argon ce zalla, don wadda aka gauraya da iskar CO2 ta ƙarfe ce, tana ɓata alminiyam nan take. Ka nemi masu gyaran rim, lagireto da kan inji, a wurare irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka ce su nuna maka aikin da suka yi a kan siririn falanki, ba a kan kauri ba.

MIG ma, wato injin da ke turo wayar ciko da kansa, yana yi, in akwai bindiga mai ɗauke da ƙaramin naɗin waya a jikinta, saboda wayar alminiyam laushi gare ta, tana cukurkuɗewa a doguwar tiyo. Yana da sauri, ya fi daɗi daga milimita 3 zuwa sama. A ƙasa da haka sai hannun da ya ƙware.

Injin ƙanenka fa? Akwai sandar alminiyam, E4043, tana aiki da wutar DC, sanda a kan fosatif. In injinsa tsohon taransifoma ne mai AC kaɗai, maganar ta ƙare. In ma na zamani ne mai DC, sandar tana ƙonewa da saurin gaske, hodar jikinta tana shan danshi in an bar ta a buɗe, kuma dattin da take bari yana cin alminiyam in ba a wanke shi tas ba. Na yi amfani da ita a kan abubuwa masu kauri a inda ba yadda za a yi. A kan milimita 2, rami na biyu za ku samu. Waldar gas da hoda ta musamman tana yiwuwa, tsofaffin masu gyaran lagireto sun iya, amma tana zafafa wuri mai faɗi, laushin ya ƙaru. Sai kuma sandunan nan da ake tallatawa a Facebook, waɗanda ake narkawa da ƙaramin toci a zafin da bai kai digiri 400 ba. Yawancinsu zinki ne, liƙi suke yi, ba sa narkewa su zama jiki ɗaya da akwatin. Suna toshe ɗan rami a inda ba motsi. A bakin noti ba za su daɗe ba.

Yadda nake yin aikin

Akwatin sai ya sauka daga mota. Ba na walda a kusa da tankin mai, kuma wutar TIG tana iya lalata kwamfutar mota. A kwashe komai, a cire robar bakin murfi in tana kusa, a wanke ciki da ruwan zafi da omo, a shanya ya bushe ƙayau. In an taɓa ajiye galan ɗin fetur a ciki, a bar shi a buɗe ya sha iska sosai, kuma murfi a buɗe ake aiki.

Daga nan sai neman ƙarshen tsagar, domin inda ido ya ga ta tsaya ba nan ta tsaya ba. Akwai feshin gwaji mai gwangwani uku: na wanki, ja mai shiga cikin tsaga, da fari mai fito da jan. In babu, dabarar iyayen gidanmu tana nan: a shafa kananzir ta ciki, a goga alli ta waje, a jira. Za ka ga wani siririn layi mai danshi ya bayyana a kan allin, sau da yawa ya zarce inda kake zato da santimita guda ko biyu. Sai dai kananzir ɗin dole a wanke shi tas daga baya. A kowane ƙarshe ina huda rami na milimita 3, ɗan gaba kaɗan da inda layin ya ƙare. Ramin yana raba wahalar da ke taruwa a tsinin tsagar, ya hana ta gudu idan zafi ya zo.

Wurin da mutumin farko ya ƙona kuwa yanke shi za a yi gaba ɗaya har a kai ga lafiyayyen jiki, musamman in sandar ƙarfe ya sa, don ƙarfe da alminiyam in sun gauraya abin da ke fitowa ƙamas yake, yana fashewa kamar kwalba. A yanka ramin da zagayayyun kusurwoyi, a yanko faci mai kauri ɗaya ya shiga daidai.

Tsagar ana buɗe bakinta kaɗan da magagari ko haƙorin kabaid, wato ɗan kan gurza ƙarfe da ake sa wa inji, don a fitar da dattin da ya shige. Kada a sa dutsen giranda da aka ci ƙarfe da shi, yana cusa ƙura cikin alminiyam. Sai a goge da asiton, wani sinadarin wanke maiƙo, da tsumma mai tsabta, ciki da waje, sannan a kankare da buroshin sitenles wanda bai taɓa taɓa baƙin ƙarfe ba. Asiton ne farko, buroshi daga baya, in aka juya sai buroshin ya tura man ciki. Wayar cikon ma ina goge ta. Don Allah a kiyayi feshin wanke birki mai sinadarin kulorin: in hasken walda ya same shi yana rikiɗa ya zama fosjin, gubar da aka yi yaƙi da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ana gama kankara ake fara walda, ba a bari sai gobe.

A bayan tsagar ina matse guntun jan ƙarfe ko sitenles mai kauri, ya tare narkakken kada ya zube, ya kuma sha zafi. Allurar tangistin, wato tsinken da wuta ke fita ta bakinsa a injin TIG, milimita 2.4, argon lita 7 zuwa 10 a minti, wuta kimanin ampiya 40 ga kowane milimita na kauri, wato 70 zuwa 90 ga falanki mai milimita 2. Waɗannan lambobi mafari ne, ban riƙe akwatinka a hannu ba, kuma kowane inji da halinsa, saboda haka a fara gwadawa a kan guntu mai kauri iri ɗaya. A kuma tare iska, musamman da hunturu, don ko fanka tana iya kore argon ɗin.

In komai ya yi daidai, cikin daƙiƙa biyu ko uku za ka ga wurin ya buɗe yana sheƙi kamar madubi, da wani farin layi kamar an barbaɗa gari a gefe da gefe, alamar wutar tana fasa fatar. Lokacin ne ake ɗiga waya a matsa gaba, ɗiga a matsa. In ka ga baƙaƙen ɗigo kamar barkono suna yawo a kai, ko wurin ya yi duhu yana tafasa, a tsaya. Datti ne ya fito, a kankare a sake wankewa, ƙara wuta ba ya maganinsa. Gara wuta mai ƙarfi da tafiya da sauri a kan ƙaramar wuta da jan ƙafa, domin jinkirin ne ke cika jikin da zafi. Ina fara ɗaure tsagar da ɗigo-ɗigo, sannan in yi santimita 2 ko 3 in dakata ya huce, daga ramukan ƙarshe zuwa tsakiya. Wurin tsayawa a rage wuta a hankali ana ƙara waya har gurbin ya cika ya ɗan tasa. Gurbin da aka bari a lotse yana tsagewa kamar tauraro, daga nan sabuwar tsaga ke tashi. In hannu yana kaiwa, a kankare bayan a bi shi ma. Kada a zuba ruwa, kuma kada a gurje waldar ta koma daidai da jiki don neman kyau. Mai aikin ya rufe wuya da hannuwa, ya sa baƙin gilashin walda mai lamba 10 zuwa 12, don hasken alminiyam ya fi na ƙarfe ƙuna.

Bayan walda sai ƙarfafawa. Faranti mai kauri milimita 3 ta ciki, ya zarce wurin gyaran da kamar santimita 5 ta kowane gefe, kusurwoyinsa a zagaye, a kama shi da gajerun walda nan da can ko da ribit. Ta cikinsa notin zai bi.

In ba a samu mai argon ba

Ku yi faci da ribit, kuma kada ka ɗauka wannan aikin talauci ne. Jikin jirgin sama da ribit ake haɗa shi, saboda irin alminiyam ɗinsa mai ƙarfi, kamar 2024 da 7075, ba ya son walda. Wannan ƙanenka zai iya yi maka yau. A huda ƙarshen tsagar kamar yadda na faɗa, a yanko faranti biyu, ciki da waje, a shafa gam ɗin da ake liƙa gilashin mota don hana ruwa, a jera ribit na alminiyam mai milimita 4.8 da tazarar santimita 3 zuwa 4, kowanne ya nisanci bakin faranti da aƙalla santimita 1. Ba zafi, don haka jikin bai yi laushi ba. A kan siririn akwati, facin ribit mai kyau ya fi waldar da aka yi da injin da bai dace ba nesa ba kusa ba. Inda ba ya yi shi ne tsagar da ta bi cikin lungun kusurwa, inda faranti ba zai kwanta ba, sai dai a lanƙwasa shi ya bi kusurwar.

Sayen sabo kuwa, zan ce ka yi in ka wanke akwatin ka ga tsaga a wuri uku ko huɗu, ko farin garin nan ya cinye ƙasan har yana lotsawa da yatsa. Wannan ya gaji ko'ina, kana gyara nan can na buɗewa. Amma tsaga ɗaya da rami ɗaya, kamar yadda ka kwatanta, gyara ya fi.

Ko walda aka yi, ko ribit, ko ma sabon ka saya, ranar ɗaurawa ka shimfiɗa roba mai kauri milimita 5 ko 6 tsakanin akwati da bodi, guntun bel ko tsohuwar taya ya isa. Ka sa faffaɗan wosha, da noti mai roba a ciki wanda ba ya kwancewa, ka ɗaure har robar ta ɗan matsu ka tsaya nan. A ƙasan akwatin ta ciki ka shimfiɗa katako ko tabarmar roba. Sumo da jak su koma cikin bodi a ɗaure da igiya, akwatin ka bar wa sifanu da ƙananan kaya. Bayan tafiyarka ta farko a hanyar burji, ka goge gefen gyaran ka haska da tocila, in ka ga wani siririn baƙin layi kamar gashi, ka huda ƙarshensa a ranar kafin ka sake loda kaya.